Karkatar Bayanai da Auna Nasarar Ɗaliban Jami'a: Nazarin Makin JAMB na 2025 da Amfaninsa ga Kankiya da Kusada

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani zato da ya zama ruwan dare a kundayen binciken ilimi a Nijeriya, wato zaton cewa makin ɗalibai yakan bazu daidai-wa-daida a gefe biyu na matsakaici. An ɗauki alƙaluman da Hukumar JAMB ta fitar na jarrabawar 2025, aka auna karkatarsu ta hanyoyi uku, sannan aka duba tsarin maki biyar da jami'o'i ke bi. An gano cewa makin ya karkata zuwa dama, cewa karkatar tana can cikin jela ba a tsakiya ba, kuma gwaje-gwajen da aka saba dogara da su suna da rauni daidai a irin ƙananan samfuran da mai bincike zai samu a Kankiya da Kusada. Maƙalar ta kawo hanyoyin da suka fi dacewa da irin waɗannan bayanai.

1.0 Gabatarwa

Kankiya da Kusada ƙananan hukumomi ne biyu daga cikin 34 na Jihar Katsina, kuma su da Ingawa kujerarsu ɗaya a Majalisar Wakilai. Ƙidayar 2006 ta ba Kankiya mutum 151,434, Kusada kuma 99,267. Garin Kankiya yana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, saboda haka ɗalibin da ya gama sakandare a yankin yana da jami'a ta kowace fuska: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam a Katsina, Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da aka kafa a 2011, Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ban da waɗannan, akwai makarantar koyon aikin lafiya a cikin garin Kankiya kansa.

Kowace shekara iyaye da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin ci gaban gari suna tambaya ko yaran yankin suna yin abin kirki a manyan makarantu. Amsar da aka saba bayarwa lamba ɗaya ce, wato matsakaicin maki. Idan kuma ɗalibin digiri ne ya ɗauki batun a kundinsa, sai ya ƙara da gwajin t domin kwatanta maza da mata, ko 'yan gari da 'yan ƙauye, ya rufe da cewa akwai bambanci ko babu. Matsakaici da gwajin t kayan aiki ne nagari, amma an gina su bisa sharuɗɗa, kuma ba kasafai ake duba ko sharuɗɗan sun cika ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna, da alƙaluma na haƙiƙa, yadda makin shiga jami'a ya kauce wa siffar da ake zato, ta bayyana iyakar gwaje-gwajen da ake gano wannan kaucewa da su, sannan ta tsara yadda ya kamata a auna nasarar ɗaliban ƙaramin yanki irin wannan. Matsayar maƙalar ita ce karkata ba aibi ba ne da za a goge daga bayanai. Labari ce game da ɗaliban kansu, kuma sau da yawa ita ce labarin da ya fi muhimmanci.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Nazarin nasarar ɗaliban jami'a ya samu ginshiƙi a aikin Tinto (1975), wanda ya danganta barin karatu da rashin sajewar ɗalibi da harkar karatu da zamantakewar jami'a. Astin (1984) ya mai da hankali ga yawan lokaci da ƙwazon da ɗalibi ke zubawa. Richardson, Abraham da Bond (2012) sun tattara binciken shekaru 13, suka samu cewa yardar ɗalibi da iyawarsa ta cin makin da ya sa a gaba ita ce ta fi ƙarfin dangantaka da sakamakonsa, sai makin sakandare da na jarrabawar shiga. Galibin waɗannan ayyuka a Amurka da Turai aka yi su. A Nijeriya muhawarar ta fi karkata ga ko makin JAMB yana hasashen abin da ɗalibi zai yi a jami'a, kuma shakku a kan haka ne ya sa jami'o'i suka fara tasu jarrabawar tantancewa a 2005.

A ɓangaren ƙididdiga, Karl Pearson (1895) ya nuna cewa bayanai da yawa na rayuwa ba su da siffar ƙararrawa, ya kuma tsara iyalan lanƙwasai masu karkata. Gosset, wanda ya yi rubutu da sunan Student, ya fito da gwajin t a 1908 domin ƙananan samfura, bisa sharaɗin cewa asalin bayanan na da daidaitacciyar rarrabuwa. Daga nan gwaje-gwajen tabbatar da wannan sharaɗi suka biyo baya: na Kolmogorov (1933) da gyaran da Lilliefors (1967) ya yi masa, na Anderson da Darling (1952), na Shapiro da Wilk (1965), na D'Agostino (1970) wanda ya keɓanta ga karkata, da na Jarque da Bera (1980). Razali da Wah (2011) sun gwada ƙarfin huɗu daga cikinsu, Shapiro-Wilk ya zo na ɗaya, Kolmogorov-Smirnov na ƙarshe, amma dukansu sun yi rauni a ƙananan samfura.

Ayyuka biyu sun fi shafar wannan maƙala kai tsaye. Bloom (1968) ya yi jayayya da ɗaukar siffar ƙararrawa a matsayin abin da ya dace da sakamakon aji, yana ganin idan koyarwa ta yi tasiri, ya kamata mafi yawan ɗalibai su taru a sama. Micceri (1989) kuma ya binciki tarin bayanai 440 na jarrabawa da awon halayya masu manyan samfura, bai samu ko ɗaya da ya cika sharaɗin daidaito ba. Fiye da shekara 30 ke nan da wannan sakamako, amma har yanzu bai ratsa ɗakunan da ake duba kundayen ɗalibai yadda ya kamata ba.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

3.1 Kalmomin fannu

Matsakaici shi ne jimillar maki a raba da yawan ɗalibai. Tsakatsaki shi ne makin da ya raba jerin ɗalibai gida biyu, rabi a ƙasa rabi a sama. Rubu'i yana raba jerin gida huɗu, ushiri kuma gida goma. Ma'aunin bazuwa yana nuna yadda maki ke nisa da matsakaici. Daidaitacciyar rarrabuwa ita ce mai siffar ƙararrawa, wadda gefenta biyu suka yi daidai. Jela ita ce siririn ɓangaren da ya miƙa zuwa ƙarshe. Idan jelar manyan lambobi ta fi tsawo, an ce bayanai sun karkata dama. Idan ta ƙananan lambobi ce, sun karkata hagu.

3.2 Bayanai da lissafi

An yi amfani da rukunan makin da JAMB ta bayyana a farkon watan Mayun 2025 na mutum 1,955,069. Tun da a rukuni-rukuni aka bayar da su, an ƙiyasta tsakatsaki da rubu'ai da ushirai bisa ɗaukar cewa maki ya bazu daidai a cikin kowane rukuni. An lissafa matsakaici da tsakiyar kowane rukuni, aka ɗauki 75 ga rukunin ƙasa da 335 ga na sama, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa ba sa sauya sakamako sosai. Duk lambar da ta fito daga wannan lissafi ƙiyasi ce.

Dole a ambaci cewa ranar 14 ga Mayu 2025 magatakardan hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke nan na alƙaluman. Saboda haka an gwama da na 2024 domin ganin ko siffar ta dogara ga wannan matsala.

4.0 Nazari

4.1 Siffar makin 2025

| Rukunin maki | Yawan ɗalibai | Kashi cikin ɗari |
| ƙasa da 100 | 2,031 | 0.10 |
| 100–119 | 3,820 | 0.20 |
| 120–139 | 57,419 | 2.94 |
| 140–159 | 488,197 | 24.97 |
| 160–199 | 983,187 | 50.29 |
| 200–249 | 334,560 | 17.11 |
| 250–299 | 73,441 | 3.76 |
| 300–319 | 7,658 | 0.39 |
| 320 zuwa sama | 4,756 | 0.24 |

Abu na farko da ya kamata mai karanta wannan jadawali ya lura da shi shi ne faɗin rukunan ba ɗaya ba ne. Rukunin 160–199 ya ninka na 140–159 a yawan mutane, amma ya ninka shi a faɗi ma. Idan aka raba yawan da faɗin, kowane maki ɗaya a rukunin 140–159 yana ɗauke da kimanin mutum 24,400, a rukunin 160–199 kuma 24,600. Cunkoson kusan ɗaya ne. Ƙasa da 140 sai ya faɗi warwas zuwa 2,900, ƙasa da 120 kuma zuwa 190. Ta sama kuwa a hankali yake sauka: 6,700, sai 1,470, sai 380. Wanda ya zana ginshiƙai da ɗanyen adadi ba tare da wannan gyara ba, zai ga siffar da ba ta nan.

Ƙiyasin matsakaici ya kama kusan 182, tsakatsaki 177, ma'aunin bazuwa tsakanin 33 da 35. Tazarar maki biyar tsakanin matsakaici da tsakatsaki kamar ba komai ba ce, sai an tuna cewa a wannan wuri kowane maki mutum dubu ashirin da huɗu ne.

Ma'aunan karkata guda uku ba su ba da amsa ɗaya ba, kuma a nan darasin yake. Rubu'in farko ya kama 157, na uku 197, wato kowanne yana nesa da tsakatsaki da maki 20. Ma'aunin Bowley, wanda ya dogara ga rubu'ai, sai ya ba da sifili, kamar babu karkata sam. Da aka miƙa awo zuwa ushirin farko, 145, da ushiri na tara, 233, ma'aunin Kelly ya ba da 0.28, domin na farko yana ƙasa da tsakatsaki da maki 32, na tara kuwa yana sama da 56. Ma'aunin da ke amfani da kowane maki, wanda manhajar SPSS ke bugawa, ya kai kimanin 1.1. Ke nan rabin ɗaliban da ke tsakiya sun zauna daidai, karkatar duka tana jela.

Hanya mafi sauƙi ta ganin illar zaton daidaito ita ce a tambaye shi ya yi hasashe. Daidaitacciyar rarrabuwa mai matsakaici 182.5 da ma'aunin bazuwa 35 tana hasashen kimanin mutum 800 za su kai 300. Waɗanda suka kai 12,414 ne, ninki 15. Tana kuma hasashen kimanin 70,000 za su gaza kai 120, alhali 5,851 ne kawai. Ta yi kuskure a gefe biyun, kuma ta fuskoki masu karo da juna.

Alƙaluman 2024 sun nuna cewa ba matsalar na'ura ce ta haifar da wannan siffa ba. A cikin sakamako 1,842,464 da aka saki a waccan shekara, 1,402,490 sun gaza kai 200, 77,070 sun kai 250, 8,401 sun kai 300. Kashi 76 a ƙasa da 200, idan aka gwama da 78.5 na 2025, kashi 4.2 a 250 zuwa sama, idan aka gwama da 4.4.

4.2 Dalilin karkatar

Jarrabawar tana da tambayoyi 180, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, kowace tambaya da zaɓi huɗu, kuma ba a cire maki a kan amsar kuskure. Idan aka ɗauka nauyin tambayoyin kowane darasi ɗaya ne, wanda bai san komai ba ya yi ta canke zai samu kimanin 100 cikin 400, da bazuwar maki 13 sama ko ƙasa. Ma'ana, jarrabawar tana da daɓen da ba a cika faɗawa ƙasa da shi ba, amma rufinta yana da nisa. Ga shi kuma masu rubutawa ba jinsi ɗaya ba ne: ɗan makarantar kuɗi da ya shekara yana atisaye a kwamfuta, da ɗan makarantar jeka-ka-dawo da ya fara riƙe linzami mako biyu kafin jarrabawa, duk lissafi ɗaya ake yi musu. Haɗuwar babban rukuni da ƙaramin rukuni mai fifiko takan haifar da doguwar jela.

Wannan yana da tasiri a kan manufa. A taron JAMB na 2025 an tsai da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, bayan 140 na shekarar da ta gabata. Wannan ƙarin maki goma ya faɗa cikin wurin cunkoso, inda zai iya shafar mutum har kimanin 244,000, ko ƙasa da haka kaɗan tun da cunkoson yana hawa ne a cikin rukunin. Katsina tana cikin jihohin da tsarin ɗaukar ɗalibai na jami'o'in tarayya ya ware wa kashi 20 saboda koma-bayan ilimin boko, bayan kashi 45 na cancanta da 35 na yankin da jami'a take. Ga yankin da ke cikin wannan rukuni, sanin adadin yaran da ke tsakanin 140 da 160 ya fi sanin matsakaici amfani nesa ba kusa ba.

4.3 Gwajin daidaito da girman samfur

Kuskuren ƙiyasin ma'aunin karkata yana kusa da tushen murabba'in 6 a raba da yawan samfur. A samfurin mutum 30, bisa cikakken lissafi, ya kai 0.43, saboda haka sai karkata ta wuce 0.84 kafin gwaji ya tabbatar da ita a matakin kashi 5. A samfurin 2,000 kuwa 0.11 ta isa. A alƙaluman ƙasa baki ɗaya kuskuren bai kai 0.002 ba, don haka kowane gwaji zai yi watsi da daidaito ko da kaucewar ba ta da wani tasiri. Shapiro da Wilk ma samfurin da bai wuce 50 ba suka yi wa nasu gwajin, kuma ko bayan faɗaɗawar da Royston ya yi wa gwajin, manhajar R ba ta karɓar fiye da 5,000.

Abin damuwa shi ne ɓangaren ƙananan samfura, domin a nan mai binciken Kankiya da Kusada zai tsinci kansa. 'Yan ƙaramar hukuma ɗaya a sashe ɗaya na jami'a ɗaya ba za su yi yawa ba. A ɗauka an zaɓi mutum 30 daga rarrabuwa irin ta 2025. Tun da kashi 4.4 ne kawai suka kai 250, yiwuwar a rasa ko mutum ɗaya daga cikinsu a samfurin ta kai kashi 26. Samfuri ɗaya cikin huɗu ke nan ba zai ga saman jelar ba ko kaɗan. Idan kuma aka dace da mai maki 320 a madadin mai 177, shi kaɗai zai ɗaga matsakaicin rukunin da kusan maki biyar, tsakatsaki kuwa da ƙyar zai motsa. Makarantu biyu masu koyarwa iri ɗaya za su iya bambanta a matsakaici saboda yaro ɗaya.

Daga nan ake samun kuskuren da ya fi yawa a kundaye: a yi gwajin Shapiro-Wilk, a ga ƙimar p ta wuce 0.05, a rubuta cewa bayanai daidaitattu ne. Gwajin bai faɗi haka ba. Abin da ya faɗa shi ne samfurin bai isa ya tabbatar da kaucewa ba. Haka nan ƙa'idar nan ta cewa samfurin 30 ya wadatar ba doka ba ce. Cochran ya ba da ma'auni mafi inganci, cewa samfur ya wuce 25 sau murabba'in karkata. Ga karkatar 1.1 wannan ya ba da 30, amma ga karkatar 2 sai 100, ga 3 kuma 225. Bayanai irin kuɗin da ɗalibi ke kashewa ko yawan kwasan da ya faɗi sukan fi makin jarrabawa karkata.

4.4 Tsarin maki biyar

A tsarin da galibin jami'o'in Nijeriya ke bi, 70 zuwa 100 shi ne A mai maki 5, 60–69 B mai 4, 50–59 C mai 3, 45–49 D mai 2, 40–44 E mai 1, ƙasa da 40 kuma F. Matakan ba su da faɗi ɗaya: A ta ɗauki lambobi 31, B da C goma-goma, D da E biyar-biyar, F arba'in. Ɗalibin da ya ci 69 a kowane kwas zai fita da matsakaicin makin digiri (CGPA) 4.00, wanda ya ci 70 kuma 5.00, daidai da wanda ya ci 95. Ma'aunin yana da rufi, yana da daɓe, kuma taku ɗaya a cikinsa ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. Malamai sun kuma san cewa maki yakan taru a bakin iyaka, a 40 da 50 da 70, saboda ɗan ɗagawar da ake yi wa wanda ya rage masa ɗaya.

Rabe-raben digiri ma haka suke: daraja ta ɗaya daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Waɗannan matakai ne masu jeri, ba awo ba. Tsarin McCullagh (1980) na bayanai masu jeri ya fi dacewa da su, shi kuma CGPA, idan aka raba shi da 5, yana shiga tsarin beta na Ferrari da Cribari-Neto (2004) wanda aka yi domin lambobin da ke tsakanin sifili da ɗaya. Ɗaukar logaridim, wanda ake gaggawar yi da zarar an ji kalmar karkata, yana rage karkatar dama ne kawai. A kwas ɗin da yawancin ɗalibai suka yi ƙoƙari, inda jelar take hagu, ƙara ɓata lamarin yake yi.

4.5 Waɗanda ba sa cikin lissafi

Akwai karkatar da ba gwajin da zai gano ta, domin an yanke jelar tun kafin bayanai su iso hannun mai bincike. Yankan farko a ƙofar shiga yake. Waɗanda suka haye makin sashe kaɗai ke da CGPA, saboda haka dangantakar makin JAMB da sakamakon jami'a takan fito da rauni fiye da yadda take a haƙiƙa. Thorndike (1949) ya bayyana wannan matsala ta taƙaitar fage, Heckman (1979) kuma ya tsara gyaran zaɓen samfur. Binciken da ya samu dangantaka maras ƙarfi ya yanke hukuncin cewa jarrabawar ba ta da amfani, ba tare da wannan gyara ba, ya wuce gona da iri.

Yanka na biyu a cikin jami'a yake. Wanda aka sallama saboda makinsa ya faɗi, da wanda kuɗin rajista ya gagare shi, da wadda aure ya katse wa karatu, ba sa cikin jerin masu kammalawa. Matsakaicin sashe zai iya hawa saboda raunana sun fita, ba don koyarwa ta inganta ba. Ga iyayen Kusada da suka sayar da amfanin gona suka biya rajista, waɗannan ɗalibai su ne ainihin tambayar.

Tsawon lokacin kammalawa ma karkatacce ne bisa ɗabi'arsa, tun da ba a kammalawa kafin mafi ƙarancin lokacin da aka tsara, amma ana iya wuce shi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na kusan wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 sun ture rukunai gaba ɗaya, don haka a ƙirga da zangon karatu, ba da shekarar kalanda ba. Ɗaliban da har yanzu suna karatu a lokacin bincike ba a jefar da su. Hanyar Kaplan da Meier (1958) da ta Cox (1972) an yi su ne domin irin wannan. Yawan kari-oba, wato kwasan da ɗalibi ya faɗi, kuwa ƙirge ne mai tarin sifili, wanda tsarin Lambert (1992) ya tanadar wa.

4.6 Zaɓen hanya bisa tambaya

Idan tambaya a kan matsakaici take, gwajin Welch (1947) ya fi na Student aminci, tun da ba ya buƙatar bazuwar rukunai biyu ta zama ɗaya, kuma ana iya ƙarfafa shi da maimaita ɗiba irin na Efron (1979) ko datsattsen matsakaici na Yuen (1974). Gwajin Mann da Whitney (1947) da na Kruskal da Wallis (1952) suna aiki da matsayi a jeri, amma ba tsakatsaki suke gwadawa ba sai siffar rukunan ta zama iri ɗaya. Abin da na farko ke aunawa shi ne yiwuwar ɗalibi daga wannan rukuni ya fi ɗalibi daga wancan.

Hanyar da wannan maƙala ta fi ba ƙarfi ita ce awon tasiri bisa matakai na Koenker da Bassett (1978). Maimakon a tambayi yadda tallafin karatu ko bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ya shafi matsakaicin ɗalibi, sai a tambayi yadda ya shafi ushirin ƙasa, da tsakatsaki, da ushirin sama, kowanne daban. Tallafin da ya hana raunana faɗuwa ba lalle ya motsa matsakaici ba, kuma binciken da matsakaici kaɗai ya duba zai ce ba shi da amfani.

Sai batun tarayyar makaranta. 'Yan makaranta ɗaya malamansu ɗaya, ɗakin gwajinsu ɗaya, don haka ba shaidu ne masu zaman kansu ba. Bisa lissafin Kish (1965), idan aka ɗauki mutum 30 daga kowace makaranta kuma dangantakar cikin makaranta ta kai 0.1, ɗalibai 300 ba su fi 77 nauyi ba. Tsarin matakai na Goldstein (1987) yana lura da wannan.

5.0 Abin da Ya Kamata a Yi a Kankiya da Kusada

Bayanan da ake buƙata suna nan a warwatse: sakamakon WAEC da NECO a makarantu da ofishin ilimi na shiyya, jerin masu karɓar tallafi a hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, CGPA a ofisoshin jarrabawa na jami'o'i, sunayen 'yan gari kuma a hannun ƙungiyoyin ɗalibai. Abin da ya rage shi ne a haɗa su ta yadda za a bi kowane rukuni tun daga ranar shiga har fita, da waɗanda suka kammala da waɗanda suka tsaya a hanya. Za a yi hakan da lambar sirri a madadin suna, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta tanada. Saboda ƙanƙantar adadi, gara a haɗa rukunan shekara uku ko huɗu da a kwatanta makarantu da sakamakon shekara ɗaya.

Rahoton da za a fitar ya ƙunshi tsakatsaki, rubu'ai biyu, ushirin ƙasa da na sama, da adadin da ke ƙasa da makin shiga, tare da zanen ginshiƙai masu faɗi ɗaya da zanen Q-Q. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar manhajar kuɗi; R da jamovi kyauta ne. Hukumar JAMB kuma za ta taimaka wa masu bincike ƙwarai idan ta riƙa fitar da rabe-raben maki jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, a rukunai masu faɗi ɗaya.

Kira na musamman yana ga malaman da ke duba kundaye a sassan ilimi da lissafi na jami'o'in Katsina da Dutsinma: kada a sa hannu a babi na huɗu na kowane kundi sai ɗalibi ya nuna zanen bayanansa, ya faɗi girman karkatarsu, ya kuma bayyana adadin waɗanda suka fita daga lissafi da dalilin fitarsu.